Tabarmar Baba

Yau da la'asar na ratsa tsohuwar unguwarmu a Argungu, kusa da Gidan Tarihin Kanta, tsohuwar fadar da sarakunan Kabi ke kwance a cikinta. An gyara layin da kwalta da magudanar ruwa, sai sam barka. Can na hango Baba kan tabarma, daidai inda zaurensa yake kafin a rushe. An biya su diyya, sun koma bayan gari, amma kullum sai ya hau kabu-kabu ya dawo. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ɗana, can ko kwana uku na yi kwance, babu mai leƙowa."

Wallahi sai da idona ya cika. Na so a ce an zauna da su Baba tun kafin a auna titin nan.