Mai Fenti na Bakin Fadama

Da na gama karatun zane-zane a Jami'ar Ahmadu Bello, abokaina duk Legas da Abuja suka nufa, can inda masu saye suke. Ni kuwa na tattara burushina na koma ƙauyenmu kusa da Argungu. Ba jarumta ba ce. Baba ya tsufa, ga gonar shinkafa a fadama ba mai dubawa.

Shekarar farko sunayen shaguna na riƙa rubutawa, da "Allah ya kiyaye hanya" a bayan motoci. Har yau "mai fenti" ake ce mini a gari. Fentin kirki kuwa sai na je Birnin Kebbi ko Sakkwato, kuɗin mota ya cinye ribar. A nan na tuna da su Uche Okeke da ƙungiyar masu zane da suka kafa a Zariya a 1958, masu cewa mai zane ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya tarar a gida. A aji labari na ɗauke shi. Babu ce ta sa na gane.

Jan ƙasa nake ɗebowa a kududdufin magina, in shanya, in daka, in tankaɗe da rariyar Inna (ta yi faɗa har ta gaji ta bar mini). Sai in jiƙa ƙaro ya kwana, in kwaɓa da shi. Baƙi daga gawayi, ruwan ƙasa mai duhu daga makuba. Karon farko na yi rowar ƙaro, hunturu na shigowa launin ya riƙa zuba kamar gari. Zane huɗu da na jingina da bango kuma gara ta cinye su a damina ɗaya. Yanzu komai a rataye yake.

Gyaran da ya fi yi mini zafi daga Kawu ya zo. Da bikin kamun kifi ya dawo a 2020 bayan shekaru ba a yi ba, na ɗauki hotuna da waya a gulbin Matan Fada, na dawo na zana masunta da homarsu, wato ragar kamun kifi ta hannu, ina ta jin kaina. Kawu, wanda a kamun kifi ya tsufa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wagga homa taka ko tarwaɗa ba ta kamawa." Washegari ya ja ni gulbi. Ya nuna mini yadda masunci ke kwanciya a kan gora, homa ɗaya a kowane hannu, ya ware su sannan ya haɗa bakinsu cikin ruwa. Duk aikin a kafaɗa yake, ni kuma fuska na tsaya ƙawatawa. Tun daga nan ta baya nake zana su, abin da ya rage mini har surutun masu ƙyamar zanen fuska.

Irin wannan zanen na fara sayarwa, ta Instagram, ina tsaye kan tudu ina neman sabis. Na aika shi Abuja da katakonsa, direba ya ɗora masa buhun shinkafa, sai da na sake wani kyauta. Yanzu cire yadin nake yi, in naɗe a bututun roba in kai tasha da kaina.

Akwai wanda ke jiran zane biyu tun watan jiya. Na gaya masa ya yi haƙuri sai an gama yankan shinkafa.