Injin danshi a lokacin hunturu: ruwan tanki shi ne maganar

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar hunturu ta sauko Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Leɓe ya tsage, maƙoshi ya bushe, yara su riƙa haɓo. Lokacin ne ake cika shagonmu ana neman injin danshi, wato mai ƙara wa iskar ɗaki danshi, mu kuwa ba ma sallamar mutum sai mun zaunar da shi mun nuna masa cikin injin.

Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne mai hazo mai sanyi. A gindin tankinsa akwai ɗan faifai, faɗinsa milimita 16 ko 20, yana karkarwa sama da sau miliyan a daƙiƙa ɗaya, yana farfasa ruwa ya zama hazo, ƙaramar fanka ta turo shi waje. Ba ya tafasa ruwa, ba ya tacewa. Duk abin da ke cikin tankin nan, shi zai tashi ya shiga ƙirjin mai barci. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da gishirin ƙasa, shi ne farar ƙurar da ake gani a kan talabijin da safe, shi ne kuma yake daskarewa a kan faifan kamar kanwa har hazo ya ragu. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma gishirin yana nan, na gora ma bai rasa shi ba. Tataccen ruwan da aka cire wa gishiri, irin na kantin magani, shi ya fi.

Kowace safiya a cire waya daga soket, a zubar da ragowar ruwan, a goge tanki ya bushe. Duk bayan kwana 3 a yi wanki sosai: binega da ruwa rabi da rabi, a jiƙa gindin minti 20, a goge faifan da auduga. Kada a kankare shi da wuƙa ko allura, yana tsagewa nan take, kuma kada ruwa ya shiga ramin fanka. Don kashe ƙwayoyi, ƙaramin cokali 1 na jabel (wato bilic) a ruwa lita 4, a ɗauraye har warin ya ɓace. Jabel da binega ba sa haɗuwa, hayaƙinsu guba ne.

Turare, humra, man zafi, maganin kashe ƙwayoyi, babu wanda ake ɗigawa a tanki. Hajiyoyi suna yawan roƙonmu a kan humra, amsar ɗaya ce. A Koriya ta Kudu, a 2011 aka gano cewa wani magani da ake zubawa a ruwan injin ya lalata huhun mutane, ya kashe da dama, ciki har da jarirai da mata masu ciki.

A ɗora injin a kan tebur, nesa da bango da katifa, a rufe taga. Ƙaramin ma'aunin danshi yana nuna iyaka: tsakanin kashi 30 da 50 cikin 100. Idan gilashi ya fara gumi ko labule ya yi laima, an wuce, fumfuna za ta biyo baya. Injin danshi mai tafasa ruwa kuwa ba ma ba da shi a gidan da yaro ke rarrafe.

Abin da ke ci mana rai shi ne 'yan ƙananan nan masu fitila kala-kala da ake talla a bakin titi. Mai saye zai zo ya ce, «Alhaji, can rabin kuɗin nan ne.» Gaskiya ne, amma bakin tankinsu hannu ba ya shiga, ba a iya wanke su, faifan a manne yake da gam, in ya mutu sai bola. Namu muna kunna kowanne a gaban mai shi, muna da faifai da fanka da caja a ajiye, kuma muna ba da shawarar a haɗa da regilato, na'urar daidaita wuta, saboda hawa da saukar wuta. Damina na faɗuwa a wanke injin, a shanya sassan su bushe ƙarau, a mayar da shi kwali sai wani hunturun.