Kafin ka sake wa hotuna suna, duba agogon kyamara

Mai ɗaukar hoton biki a Sakkwato ya san ainihin wahalar tana jiran sa a shago. Kyamara biyu, katin ajiya uku, ga hotunan da dangin amarya suka turo, kusan duk sunansu DSC_0001 ko IMG_0001. Kyamara idan ta kai 9999 sai ta koma farko, don haka hoton kamu da na walima kan zo da suna ɗaya, wajen kwafewa wani ya danne wani.

Abin da ya raba ni da wannan ciwon kai shi ne ExifTool, manhajar kyauta da Phil Harvey ya fitar a 2003, wadda ake rubuta wa umarni a baƙin allon kwamfuta. Hoton da ya fito kai tsaye daga kyamara yana ɗauke da bayanansa a ciki: ranar ɗauka har da daƙiƙa, irin kyamarar, wani lokaci har wurin. Sai in ce ta ɗauki DateTimeOriginal, wato ranar da lokacin da aka ɗauki hoton, ta mayar da shi sunan hoton, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sai lokaci. Nan take hotuna ɗaruruwa su jeru kamar sahun salla.

Sai dai manhajar ba ta san an yi biki ba, abin da agogon kyamara ya rubuta kawai ta sani. Yawancin kyamarorinmu na hannu ne daga waje, wata da agogon ƙasar da ta fito take tafiya. Idan ta yaron shago tana baya da awa ɗaya, za ka ga an kai amarya kafin motoci su taso. Shi ya sa nake sa a ɗauki hoton agogon da ke fuskar waya ɗaya da kowace kyamara kafin a fara aiki, in ga tazarar, in gyara da -AllDates+=1, umarnin da ke ƙara awa ɗaya a lokacin hoton, sannan in taɓa suna. Ko nan ma sai na fara da TestName, wanda ke nuna sabon sunan ba tare da ya canza komai ba.

Hotunan WhatsApp kuwa ba su da magani, an goge bayanansu tun a hanya. Nakan roƙi mutane su turo su a matsayin takarda (Document), don bayanansu su iso tare da su.

Abin da ya fi damu na shi ne GPS, wato lambobin da ke nuna wurin da aka ɗauki hoto. Hoton waya da aka ɗauka a ɗakin amarya yana iya nuna ƙofar gidan daidai a taswira. Wata rana yaron shago ya ce, "Maigida, ai ba wanda zai duba wannan." Na buɗe masa hoto ɗaya, na sa lambobin a taswira, ga unguwar, ga layin. Na ce, "Ɗan'uwa, gidan mutane ne, amana suka ba mu." Yanzu babu hoton da ke fita daga shagonmu sai an bi shi da -gps:all=, umarnin da ke goge lambobin wurin, na asalin kuma muna ajiye shi a faifai daban.