Ciyawar gefen titi da takardar tuhumar da ke cikin fayil ɗina

Tunda na ajiye aiki, yanzu bakina ya buɗe. Abokan aikina na sashen kula da hanyoyi sun san rigimar, sai dai yawancinsu daga bakin Oga suka ji ta.

Abu ɗaya Oga ya sani game da ciyawar gefen titi: a aske ta ƙwal ko'ina, manya su wuce su ga tsaf. Tsarin da na kai masa ya raba aikin gida biyu. Mahaɗa, kwana, gaban allunan hanya da mita ɗaya na bakin kwalta, waɗannan a riƙa yanke su a kai a kai, babu ɗaga ƙafa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 cikin daƙiƙa ɗaya, direban da ke leƙowa daga ƙaramar hanya ba shi da lokacin miƙa wuya. Sauran filin kuwa a bar shi har furanni su zubar da iri, a yanke sau ɗaya ko biyu a shekara, a kwashe abin da aka yanke.

Kwashewar nan ita ya kasa ganewa, alhali ita ce jigon maganar. Ciyawar da aka yanke aka bari a wurin ruɓewa take yi ta zama taki, ga kuma naitirojin ɗin hayaƙin motoci. Ƙasa ta yi ƙarfi, doguwar ciyawa ta samu gindin zama, ta danne ƙananan furannin da ƙudan zuma ke bi, ta kuma tsiro da sauri har a buƙaci ƙarin yanka. Wato yawan askin ma shi ke jawo yawan aski. Na nuna masa misalin sabuwar hanyar Weymouth a Dorset ta Ingila, wadda aka buɗe a 2011: da gangan aka ƙi zuba ƙasa mai kauri a gefenta, sai furanni da malam-buɗe-littafi suka cika wurin, yanka ya ragu ƙwarai. Na ƙara masa da cewa ƙungiyar Plantlife mai kare tsirrai ta ƙirga nau'in furanni sama da 700 a gefen hanyoyin Birtaniya. Ya sa hannu a kan tsarin yana hamma.

Sai mota ta kaɗe mai babur a wata mahaɗa. Allah ya tsare, karaya ce kawai. A taron sashe Oga ya dube ni ya ce, "To, ga amfanin furanninka nan." Washegari da sassafe na je wurin. Ciyawa har ƙirjina, allon tsayawa ba a ganin komai sai ƙoƙuwarsa. Mahaɗar tana sahun farko a jerin da na rubuta na wuraren da za a riƙa yankewa a kai a kai. Abin da ya faru shi ne, ɗan kwangila da kilomita ake biyansa, sai ya riƙa bin miƙaƙƙiyar hanya inda tarakta ke sheƙa gudu, ya bar mahaɗu masu turaku da kwalbatoci, waɗanda sai da injin hannu. Wa ya amince da takardar biyan? Na ce, "Ranka ya daɗe, a duba jerin." Ya ce ba a kawo ni in koya masa aiki ba. Takardar tuhuma ta shiga fayil ɗina, kuma ba a cire ta ba har na fita.

Sauran darussan gajeru ne. Duk umarnin baki, ka nemi a rubuta. Ka ɗauki hoton kowace mahaɗa mai ɗauke da kwanan wata. Ka kafa allo mai bayani a inda aka bar ciyawa, in ba haka ba jama'a za su ɗauka sakaci ne. A tsince kwalabe da robobi kafin injin ya niƙe su.

Na ji an ce a sabuwar kwangilar an ware wa mahaɗu kuɗinsu daban, kuma sai an duba su kafin a biya. An ce shawarar Oga ce.