Ƙanƙarar gilashin mota, tun a kwamfuta ake fara narkar da ita

Jama'a, 'yan ramukan nan da ke kan dashbod a gindin gilashin gaba ba ado ba ne fa, injiniyoyi sun sha fama a kansu sosai. A ƙasashen sanyi irin su Jamus da Suwidin mutum zai wayi gari ya tarar ƙanƙara ta lulluɓe gilashi, kuma dokar Tarayyar Turai ba ta wasa da wannan: a saka mota a ɗakin sanyi, digiri 8 ko 18 ƙasa da sifili, a fesa ruwa ya daskare, a tayar da inji, to cikin minti 20 dole kashi 80 cikin 100 na inda direba ke kallo ya washe.

Ƙera mota don gwaji kawai kuɗi ne masu yawa, shi ya sa ake fara kwaikwayon abin a kwamfuta da manhajoji irin su Ansys Fluent, STAR-CCM+, ko OpenFOAM da take kyauta. Ana yayyanka cikin motar gida-gida har miliyoyi, kujeru da sitiyari da komai, kowane gida a lissafa gudun iskarsa da zafinsa.

Inda abin yake burge ni shi ne lokaci. Injin da aka tayar yanzu shi ma a sanyaye yake, iskar hita a hankali take ɗumi, ga ƙanƙara kuma ko ta kai sifili ba ta sakin jiki sai kowane kilo ya sha zafi kilojul 334 (kilojul ma'aunin makamashi ne), ga gilashin kansa yana shanye zafi kafin ya isa waje. A allo za ka ga ja, alamar zafi, ya fara daga ƙasa yana hawa sama kamar harshen wuta, amma kusurwoyin gefe shuɗi ne shar, iska ba ta kai can ba. Ni a ganina nan ne ainihin aikin, ba yawan zafi ba, ina iskar ta dosa. A ɗan karkata bakin ramin kaɗan, sai hoton ya canza gaba ɗaya.

Motocin lantarki kuma nasu ya fi wuya, babu zafin inji na banza, wutar da ake ɗumama iska da ita daga batir take fita, kowace iska da ta tafi inda bai dace ba kilomita ce aka rage.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma da damina gilashi na yin raɓa ta ciki, ramukan nan dai su ne, ka kunna AC ka juya iskar sama, domin AC ɗin ke busar da ita.