Dubu ashirin da na miƙa a gindin falwaya

Har yau idan na tuna naira 20,000 ɗin nan sai raina ya ɓaci. Da hannuna na ƙirga su, na miƙa wa mutum a gindin falwaya, babu rasit, babu shaida in ban da yaran layi da suka taru kallo.

Gidanmu ba mita. Ɗaki uku ne da falo, ƙwai shida, fanka biyu, talabijin, sai firizar da uwargida take sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa. Mun daɗe ana kawo mana bil na kiyasi, ba ya wuce 8,000 zuwa 9,000. Ran nan mai rabon bil yana tsaye a zaure yara suka fito da kular zoɓo, ya ce, "Malam, ashe sana'a ake yi a gidan." Na ɗauka hira ce. Da wata ya ƙare sai ga takarda, 47,300. A watan da taransifomarmu ta yi kwana tara a lalace!

Na tafi ofishin kamfanin rarraba wutar a fusace, na faɗi damuwata da baki, aka ce za a duba. Sau uku ina komawa, sau uku ana ce mini za a duba. Don haushi na ƙi biyan ko sisi. Bil na biyu ya zo 94,600.

Sai ga 'yan yankan wuta da tsaninsu, ranar Alhamis da hantsi, firiza cike da zoɓon biki da aka riga aka biya kuɗinsa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, in suka yanke mun shiga uku." Babbansu ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, kawo wani abu, ka bar sauran a hannuna, zan sa a gyara maka a kwamfuta." Na shiga ɗaki na kwaso kuɗin da na ajiye na makarantar yara. Da bil na uku ya iso, 141,900 na gani, ko kwabo ba a cire ba.

Ɗan ƙanwata ne ya buɗe mini ido, yana karatun lantarki a kwalejin kimiyya da fasaha. Ya karɓi bil ɗin ya nuna mini sunan layin da ke ba unguwarmu wuta, a rubuce a jikinsa, ni kuwa ban taɓa lura ba. Ya ce, "Kawu, ai ba yadda suka ga dama suke rubutawa ba, akwai iyaka." Ashe tun watan Fabrairun 2020 hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar wutar lantarki, ta ƙayyade yawan yunit da za a iya caza wa wanda ba shi da mita, kowane layi da nasa adadin, kuma tana wallafa jadawalin a shafinta na intanet. Muka nemo layinmu a wayarsa, muka ninka yunit ɗin da farashin da ke kan bil. Abin da ya fito bai kai 11,000 ba. Ya kuma gaya mini cewa a Fabrairun 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 kimanin naira biliyan 10.5 saboda zarce wannan iyaka. Na zauna shiru, dubu ashirin ɗina kawai nake gani.

A daren muka rubuta takardar koke: lambar akawun, adireshi, kwafin bil uku, kwafin jadawalin, da kwanakin da babu wuta. Kwafi biyu na yi. A sashen karɓar koke-koke ma'aikacin ya ce in ajiye in tafi. Na ce, "Yallaɓai, a buga mini hatimi da kwanan wata a tawa." Ya ce mai hatimin ya fita. Na ja kujera na zauna har bayan azahar, sai da aka buga. Duk mai bin wannan hanya, kada ya bar ofishin nan ba hatimi. Daga ranar ake fara ƙirga kwana 15 na aiki da aka ba kamfani ya warware koke. Zuwana uku na baya da baki, a wurinsu kamar ban taɓa taka ƙofar ba.

Ƙin biyan da na yi ma kuskure ne. Ƙa'idar ita ce mutum ya ci gaba da biyan daidai bil na ƙarshe da bai yi jayayya a kansa ba har a gama shari'a. Na biya 8,700 ta banki, na adana rasit. Da 'yan tsani suka dawo, takarda mai hatimi da rasit na miƙa musu, babbansu ya karanta, ya ce da yaransa su tafi. Wannan fa mutumin da ya karɓe mini kuɗi ne. Da na san haka tun ranar Alhamis ɗin nan, da takardar da ba ta ci mini naira 200 ba ta ishe ni.

Kwana 15 suka cika ba amsa, na ɗauki fayil ɗina zuwa ofishin sauraron koke-koke na NERC, wanda ake kira Forum. Ban biya komai ba, ban ɗauki lauya ba. Ranar zama aka sa ni gefe guda, wakilin kamfani gefe guda. Aka dubi jadawali, aka dubi bil, maganar ba ta yi tsawo ba. Aka ba da umarnin a sake lissafin wata ukun bisa iyakar hukuma, bashin ya sauko ƙasa da 33,000.

A nan na ɗaga hannu na kawo maganar 20,000. Shugaban zaman ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, kana da rasit?" Na ce babu. Wakilin kamfanin ya ce a littafinsu ba a ga shigar kuɗin ba. Shugaban ya ce ba yadda za su yi da abin da ba shaida. Ban ga laifinsa ba, amma na fito ina murna rabi, rabi kuma kamar in yi kuka, don sai da na ci bashi na biya kuɗin makarantar zangon.

Maƙwabta huɗu na taya rubuta irin takardar, kuma na cike fom ɗin neman mita mai kati, ina jira. Mutumin nan har yanzu yana bi ta layinmu. Shekaranjiya ya yi mini sallama daga kan babur, na amsa don sallama hakki ce, amma ban iya ɗaga kai na dube shi ba.