Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsohuwar Kwamfutar Shagon Kawu

Assalamu alaikum 'yan uwa, makon jiya mun tsaya a inda Kawu ya miƙo min makullin shagonshi na taifin da fotokwafi can wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, yace min ga shago nan ka riƙe, abinda ka samu ka ci ka biya haya.

To shago dai ga shi, amma kwamfutar da ke ciki ita ce matsalar. Dell OptiPlex 7010 ce, irin waɗanda suka fito wajen 2012, Kawu ya saye ta beljiyam, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i3, ram ɗinta (inda take riƙe aikin da take kan yi) 4GB, ga tsohon had-disk mai juyawa. Da safe in ka kunna ta sai ka share shago ka goge firinta ka dawo tana nan tana lodin, kuma lokacin furojek ne, ɗaliban jami'ar Umaru Musa da na poli suna shigowa da fulash, mutum ya tsaya a kanka yana duba agogo kai kuma kana jiran Word ya buɗe, wallahi akwai wadda na ga ta ɗauki fulash ɗinta ta shiga shagon gaba ba tace min komai ba, ranar ban iya cin abincin rana ba.

Kuɗin sabuwa kam babu, ko rabinshi ban da shi. Kawu yace sai dai in yi haƙuri da ita, na ce Kawu ka bani izini in buɗe ta, yace in dai ba zaka kashe min ita ba.

Akwai wani abokin Yayana mai gyara, shi na kaiwa. Ni da nufina furosesa zan canza tunda kowa i5 i7 yake faɗi, sai yace min ƙanena zauna, mi kake yi da ita? Na ce taifin, firintin, sai ɗan CorelDRAW na katin biki. Yace to furosesar nan bata gaji ba, had-disk ɗin ne ke riƙe mata ƙafa, faranti ne ke juyawa a ciki allura na bin shi tana neman abu, shi kuwa SSD, sabon irin ma'ajiyar da ke maye gurbin had-disk, ba abinda ke motsi a cikinshi, irin wanda zai shiga wannan kwamfutar yana karanta wajen 500MB a daƙiƙa, tsohon kuma da ƙyar ya wuce 100 da ɗoriya. Wannan maganar ita ce ta cece min kuɗi, kuma har yau ita nake faɗa ma duk wanda ya zo min da tsohuwar kwamfuta yana so ya zubar, ka fara da SSD kafin komai.

Na tara abinda na samu na fotokwafi, Inna ta ƙara min daga adashinta (Allah Ya saka mata da Aljanna, bata ma san mene ne SSD ba, cewa tayi in dai na sana'a ne ɗauki), na ba wani direban da ke zuwa Kano saƙo ya karɓo min SSD mai 256GB a Beirut Road wajen wanda mai gyaran ya sani. Ram kuwa a nan Katsina muka samu na hannu, 4GB guda ɗaya, ta zama 8GB. A nan sai an kula sosai, irin ram ɗin da ake ce ma DDR3 take ɗauka, DDR4 baya ma shiga ramin don tsagar ba wuri ɗaya take ba, kuma na laftof gajere ne ba irin na tebur ba, mutane da yawa suna asarar kuɗi a nan wajen.

Da muka buɗe murfin, ƙurar hunturu ta toshe fanka kamar auduga, shi yasa take ta gurnani da rana. Muka busa ta, ya goge tsohon man da ke kan furosesa ya shafa sabo, ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, wanda mutuwarshi ce ke sa kwanan wata ya rikice duk sanda aka ɗauke wuta. Tsohon had-disk bamu cire ba, mun barshi a ciki na ajiyar takardun mutane, Windows 10 kuma ya koma kan SSD.

Da ya danna makunni ban gama gyara zama ba sai ga ta ta buɗe. Na kira Kawu a waya muryata na rawa, yace to ka sayi sitabilaiza da ragowar kuɗin kafin wuta ta ƙone maka wahalarka, haka kuwa aka yi.

Na san ba zata ɗauki Windows 11 ta hanyar da ta dace ba, don shi yana son wani ɗan abin tsaro da ake ce ma TPM 2.0 da furosesa daga ƙarni na 8, tawa ta 3 ce, kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, wannan yana damuna gaskiya, ina tara kuɗi a hankali. Amma a wancan zangon da ita na yi taifin furojek har dare, da ita na biya hayar shekara ba tare da na koma wajen Kawu ba.

Mako mai zuwa in sha Allah zan baku labarin yadda na fara koya ma yaran unguwa kwamfuta saboda jarabawar JAMB, da rigimar da muka yi da mai shago kan janareta.